Dattijo mai furfura zai iya rera waƙar soyayya a fim? Ga labarin da nake tsarawa kan masaƙun Kaduna

Bashir_Alƙalami:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Akwai labarin da ya daɗe yana cina, ina so ku taya ni dubawa kafin in zauna rubuta sikirif ɗinsa.

Lawal ɗan shekara 48 ne, tsohon ma'aikacin masaƙa a Kakuri. Ya kama aiki a 1986 yana saurayi. Masaƙa ta rufe, yanzu Keke Napep yake ja tsakanin Rigasa da Babbar Kasuwa. A 2014 sai aka kira tsofaffin ma'aikata su zo a tantance su kan haƙƙoƙinsu. A cikin layin ya ci karo da Asabe, wadda ya nema da aure abin bai yiwu ba. Ta zo ne da takardun mijinta da ya rasu, mijin kuwa abokin aikin Lawal ne, ɗaki ɗaya suka yi saƙa.

Kowannensu da yadda yake tuna abin da ya raba su. Lawal ya ce mahaifinta ne ya ƙi shi don yana lebura. Asabe ta ce an ba shi rana ya turo magabatansa, aka share gida aka yi girki, har aka kira magariba ba a ga kowa ba. Ba na so in nuna wa mai kallo wanda ya fi gaskiya. So nake waƙa ta ɗauki tunanin nasu: rana ɗaya, waƙa biyu, kowa da tasa.

Tambayata, in bar Lawal da furfurarsa ya buɗe baki ya rera, ko dariya za a yi mana?

Abba_Edita:
Wa'alaikumus salam. Dariya za a yi, Malam Bashir, kar ka yaudari kanka. Mutanenmu sun saba ganin dattijo a fim yana kan tabarma yana faɗa ko yana ba da aure. Ka ɗora masa mamin, wato yana motsa baki waƙa na tafiya, gobe ka gan shi a TikTok an yanka an sa masa wani sautin.

UmmuHanan:
Ni kafin a je ga waƙa ina da tambaya. Lawal ɗin ba shi da mata ne?

Bashir_Alƙalami:
Yana da ita, Hajiya. Rabi, 'ya'yansu shida.

UmmuHanan:
To ai ka ga inda labarin yake, kai kuma ka wuce shi. Matar da ta zauna da shi lokacin da albashi ya tsaya, wataƙila ta sayar da kwanukan aurenta, ta yi ƙosai a ƙofar gida aka biya kuɗin makaranta. Yanzu ta aurar da 'yarta ta fari, jiki ya fara canzawa, al'ada na shirin ɗaukewa, ta fara tambayar kanta ita wace ce in ba uwar wane da wance ba. Daidai wannan lokacin maigida zai dawo gida yana murmushi shi kaɗai saboda ya ga tsohuwar zuma a layi? In ka yi shi yadda ka faɗa, mu mata fim ɗin ƙarin aure za mu gani, ko da ka lulluɓe shi da waƙa goma.

Baba_Makera:
Ɗana Bashir, Allah ya yi maka albarka da ka tuna da mu. Ni na yi aikin nan, sashen saƙa, har Allah ya kawo ƙarshensa. Amma akwai gyara. A shekarun da kake magana ba a raina ma'aikacin masaƙa wajen neman aure. Mutum ne mai albashi duk wata, yana da kekensa Raleigh, wani ma Vespa, ga atamfa da yake samu cikin sauƙi ya kai wa surukai da Sallah. Uban da zai ce ba zai ba shi 'yarsa ba don lebura ne, sai dai in babban ma'aikacin gwamnati ne ko attajiri. A Makera da Nasarawa da Kakuri mu ne samarin gari.

In ana tashi daga aiki, jiniya ta kaɗa, titi ba masaka tsinke saboda kekuna. Aiki kashi uku ne, na safe, na rana, na dare. Masu abinci da masu shayi da masu gyaran keke duk a jikinmu suke ci. Wannan ka sa shi a fim ɗin, don yaran yanzu in sun wuce wajen suna ganin bango da ciyawa ba su san abin da aka yi a nan ba.

Nafisa_Zariya:
Baba, maganarka ta buɗe min ido kan labarin. In dai a zamanin ba a ƙin ma'aikacin masaƙa, to uzurin Lawal bai tsaya ba ke nan. Shi ne bai tura magabata ba, tsoro ya kama shi ko wani dalili, daga baya ya gina wa kansa labarin da zai iya kwana da shi. Shekara ashirin da wani abu yana maimaita wa kansa har ya yarda. Yaya Bashir, wannan ya fi abin da ka zo da shi ƙarfi. Ka bar kuskuren a bakin Lawal, mai kallon da ya san zamanin zai gane da kansa.

Bashir_Alƙalami:
Nafisa, na ji daɗin wannan, amma ina tsoron ya koma shari'a, a tashi an kama Lawal da laifi an wanke Asabe. Ita ma ina so a samu rami a nata tunanin. Misali tana cewa ta yi wata uku tana kuka, ƙanwarta kuma ta tuna cewa tun kafin ranar ta riga ta fara sauraron abokin.

Ɗan_Fagge:
Kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba. Ni dai ku gaya min wa zai zuba kuɗi. Kasuwar faifai ta mutu tuntuni, yanzu komai YouTube ne da tashoshi irin su Arewa24, kuma fim mai dogon zango ake so, a yi ta ja mako-mako. Masu kallon YouTube kuwa yara ne. Wa zai ƙona datarsa kan soyayyar sa'annin babansa?

UmmuHanan:
Ɗan_Fagge, wa ya gaya maka yara ne kaɗai? Je ka gidajen aure da daddare ka ga su wa ke riƙe da waya. Mu ne. Kuma mun gaji da 'yan jami'a masu rigima kan wa ya kira wa.

Mai_Fiyano:
Bari in shigo ta ɓangarena tunda waƙa aka tambaya. Matsalar ba furfurar Lawal ba ce, kiɗan da za a ɗora masa ne. An daɗe a waƙoƙin fim na Kano fiyanon Yamaha ne ke ɗauke da komai, aka bi salon Indiya, namiji ya yi baiti mace ta amsa, ana zagaya bishiya. Wannan salon na matasa ne, jikin dattijo ba zai karɓe shi ba, a nan Abba ya yi gaskiya.

Amma wa ya ce babba ba ya waƙa a ƙasar Hausa? Shata har ya rasu a 1999 dattijo ne, ba wanda ya taɓa yi masa dariya don ya rera. Ɗan Maraya Jos da kuntiginsa shi kaɗai, rayuwar talaka da ɗan ƙwadago yake waƙewa, manya suna zaune suna jinjina kai. Ka ba Lawal irin wannan muryar. Ba rawa, ba canza kaya sau biyar. Yana cikin kekensa ya tsaya a layi yana jiran fasinja, yana ƙwanƙwasa yatsa a jikin ƙarfe, waƙar ta taso daga nan.

Kuma in ni ne zan haɗa kiɗan, ƙarar injin saƙa zan mayar ganga. Duk wanda ya taɓa shiga ɗakin saƙa ya san tana da kari nata, ba ta kuskure. A waƙoƙin ƙuruciyarsa a ji ta cike, da sauri. A waƙoƙin 2014 a cire ta gaba ɗaya, a bar gurbinta, mai kallo ya ji akwai abin da babu ko bai san mene ne ba.

Baba_Makera:
Mai_Fiyano, ka san abin da kake faɗa. Ƙarar nan har a barci muna jin ta. Da yawanmu kunnen ya tafi da ita. A ciki ba a jin magana, da hannu da baki muke yi wa juna alama.

Nafisa_Zariya:
To ga fitowa nan kyauta! Lawal da abokin nasa suna magana da alama a cikin ƙara, abokin yana ƙoƙarin gaya masa wani abu game da Asabe, shi bai gane ba, ko ya gane ya yi kamar bai gane ba.

Abba_Edita:
Fitowar ta yi kyau a baki. A ina za ku ɗauka? Kuna da masaƙa mai aiki da injinan wancan zamanin? Kuna da kekuna ɗari? Kun san nawa ake kashewa a mayar da titi ɗaya 1988, a kawar da pure water da fastocin siyasa da eriyar waya? Mu da muke zaune gaban kwamfuta mu muka san wahalar goge Keke Napep da ya kutso bayan jarumi.

Mai_Fiyano:
Abba, shi ya sa waƙa ta fi araha. Abin da kyamara ba za ta iya nunawa ba baiti biyu sun isa su kawo shi. Kuma tunda tunani ne ba tarihi tsantsa ba, ba dole a ga titi duka ba. Keke ɗaya, rediyo ɗaya, fitilar ƙwai.

SaniMaraɗi:
Salamu alaikum daga Maraɗi. Ina bin ku tun ɗazu. Malam Bashir, in za ka taɓa dalilin mutuwar masaƙun, kar ka tsaya a cewa gwamnati ta yi sakaci kawai. Mu nan mun ga rabin labarin da idonmu. Atamfar da ake bugawa a Sin tana sauka Kwatano, ta ratso ƙasarmu, ta shiga Najeriya ta wajen Jibiya da sauran kan iyaka, ta ƙare a Kantin Kwari da rabin kuɗin ta Kaduna. Akwai gidajen da aka gina a garin nan da wannan cinikin. Ka sa mutum ɗaya a labarin wanda ya yi arziki da abin da ya talauta Lawal, kuma kar ka mai da shi mugu. Ƙanen Asabe ma zai iya zama.

Malam_Tarihi:
Sani ya kawo magana. Bari in ɗan jera wa Bashir shekarun don kar a cakuɗa. Masaƙar farko ta Kaduna, KTL, ta fara aiki 1957, gwamnatin Jihar Arewa ta Sardauna ce ta kafa ta tare da wani kamfanin Ingila. Masaƙar UNTL ta biyo baya a 1964. Shekarar da ka ce Lawal ya kama aiki, 1986, ita ce shekarar da Babangida ya kawo shirin gyaran tattalin arziki na SAP, aka karya darajar naira, dala da ba ta kai naira ɗaya ba a 1985 ta koma wajen naira huɗu. Masaƙu kuwa kayan gyaran inji da sinadarin rini daga waje suke sayowa. Ga rashin wutar NEPA, ga tsadar baƙin mai. A 1997 aka ɗage haramcin shigo da yadi. KTL ta tsaya a 2002, UNTL ta rufe a 2007.

Abin nufi, Lawal ya shiga ne daidai lokacin da abin ya fara gangara, shi bai sani ba. Zamanin daɗin da Baba_Makera ke ba da labari ya fi ƙarfi kafin zuwansa. Wataƙila har daɗin da yake tunawa ma rabinsa na manyansa ne ya ara.

Baba_Makera:
Malam, a takarda haka ne. Amma mu da muke ciki har wajen 1990 da 'yan kai ba mu ji a jikinmu sosai ba, ana biya, ana obataya. Daga baya ne aka fara rage mutane.

Hauwa_Barnawa:
Ba wanda ya ambaci 2000, kuma ba za ka yi labarin Kakuri ka tsallake ta ba. Kafin rikicin Fabrairun 2000 unguwannin nan a cakuɗe suke. A gidan hayar da na tashi akwai Bahaushe, akwai Bajju, akwai Tibi, akwai Ibo, duk masaƙa ta tara su, famfo ɗaya muke layi. Bayan wannan rikicin da na Nuwamban 2002 sai gari ya rabe, Musulmi da yawa suka tsallaka kogi suka koma su Rigasa da Tudun Wada, Kirista suka yi kudu. Ai shi ya sa Lawal ɗinka yake Rigasa, ko ba ka lura ba? Ba aiki kaɗai ya rasa ba, har unguwar da ya yi samartaka. In ya koma neman gidan su Asabe ba zai tarar da wanda ya san shi ba.

Babana har ya rasu bai karɓi giratutinsa daga masaƙar da ya yi wa aiki ba. Fayil ɗin yana nan a akwatin mahaifiyata. Don haka layin tantancewar nan ni ba labari ba ne a wurina, na raka ta.

Bashir_Alƙalami:
Allah ya jiƙan Baba, Anti Hauwa, ya sa ya huta. In kin yarda zan so in ji daga bakin Mama yadda layin yake, me ake tambaya, wace takarda ake nema.

Hauwa_Barnawa:
Amin. Zan tambaye ta, amma ba ta cika son maganar ba.

Ustaz_Kabiru:
Ina da tsokaci biyu. Na farko, ku tabbatar Asabe ta gama takaba, wata huɗu da kwana goma, kafin a fara wani kallon-kallo, kuma a faɗe shi a fili a cikin fim ɗin. Na biyu, Hukumar Tace Fina-finai ta Kano tana nan tun 2001, kuma waɗanda suka yi aiki zamanin da Malam Rabo ya shugabance ta daga 2007 sun san yadda aka tsaurara kan rawa da waƙa. Ni ra'ayina a rage waƙar. Labari mai nauyi irin wannan ba ya bukatarta.

Mai_Fiyano:
Ustaz, abin da ake ƙorafi a kai rawar mace da namiji ce da shigar banza. A nan ba ko ɗaya. Asali ma Lawal da Asabe ba za su taɓa yin waƙa tare a fitowa ɗaya ba, in na fahimci Bashir.

Bashir_Alƙalami:
Haka ne. Ko sau ɗaya. Karin waƙar ɗaya ne, kalmomin ne suka saɓa. Shi ya ce ranar an yi ruwa, ita ta ce rana ake ƙwallawa.

Ɗan_Fagge:
Ka sa ya tsinci tsohon kaset ɗin da ta taɓa aiko masa mana, ya saka a rikoda ya ji muryarta.

Nafisa_Zariya:
Don Allah a'a. Kaset a ƙasan akwati, wasiƙa a cikin littafi, hoto ya faɗo daga aljihu, an gaji. Kuma kaset hujja ce, zai kashe gardamar da Bashir yake so ta rayu. In dai rediyo ake so, a yi amfani da Zaɓi Sonka na Rediyon Kaduna. Ya aika kati a gaishe ta, aka karanta, shi ya ji, ita ta rantse ba ta taɓa ji ba. Abin da ya bi iska ba mai iya dawo da shi ya ce ga shi.

UmmuHanan:
Kun sake komawa kan Lawal da Asabe. Ina Rabi? Mai_Fiyano, ka ba maigida kuntigi, ka ba bazawara waƙa, uwargida fa?

Mai_Fiyano:
Hajiya, ai ita ce mai mafi daɗin kiɗa in an bi ta nawa. Mata suna da nasu tun asali: waƙar daka, waƙar niƙa, shantu, kiɗan ƙwarya na amada irin wanda marigayiya Barmani Choge ta yi suna da shi. Kuma a nan ne mace take faɗin abin da ba za ta faɗa wa miji ido da ido ba, ta hanyar habaici. Ki ɗauka ana bikin 'yarta, mata sun kewaye ƙwarya, Rabi ta karɓi waƙa tana dariya ana liƙa mata kuɗi, amma duk wadda ta san gidan ta san da wa take. Lawal yana waje cikin maza yana jiyowa ta katanga.

UmmuHanan:
Yanzu ka yi magana. Amma kar a tsaya a habaici. Ina so ita ma a ba ta abin da take tunawa wanda ba shi a ciki. Ita ma ta taɓa zama budurwa. Wataƙila an cire ta daga makaranta tana aji uku, yanzu da yara suka tashi take so ta koma ta yaƙi da jahilci ko ta buɗe shagon ɗinki, shi kuma bai ma lura ba don hankalinsa yana 1989.

Sister_Jummai:
Ni ma'aikaciyar jinya ce, ba 'yar fim ba, amma abin da kuke faɗa kan waƙa da tunani muna ganinsa. Tsoho mai cutar mantuwa, wadda a gida ake cewa ruɗewar tsufa, zai kasa gane ɗansa, amma ka ja masa surar da ya haddace yana yaro ko waƙar zamaninsa, sai ka ji ya ɗauka ya ƙarasa. In mahaifin Asabe yana raye a labarin, shi kaɗai ya san ko ya hana ko bai hana ba, ga shi kuma ya ruɗe. Su je tambayarsa, shi kuwa sai waƙa.

Abba_Edita:
Wannan ta fi kaset ɗin Ɗan_Fagge nesa ba kusa ba. Amma jama'a ku lura, an fara da mutum biyu, yanzu akwai uwargida da shagonta, ƙane ɗan fasa-ƙwauri, tsoho mai mantuwa, rikicin 2000, SAP. Wannan ba fim ɗin awa biyu ba ne kuma.

Ɗan_Fagge:
Ai na faɗa tun farko, zango-zango za a yi. Kashi goma sha uku, kowane kashi waƙa ɗaya. Ni har yanzu ban ji wanda ya ce zai ba da ko sisi ba.

Malam_Tarihi:
In ya zama mai dogon zango ina roƙon abu ɗaya, kar a sa wani ya tsaya yana karanto shekarun da na jero kamar darasi. A gan su a farashin buhun shinkafa da kuma yadda kwanon abincin Lawal yake raguwa.

Bashir_Alƙalami:
Ina rubuta duk abin da kuke faɗa. Kan Rabi, Hajiya UmmuHanan, na karɓa, za ta samu waƙoƙinta da nata waiwayen. Inda ban yarda ba shi ne a ce dole a san ko Lawal zai auri Asabe. Ni a yanzu ban ga auren ba, ban kuma ga rabuwar ba. Kan ko ya rera da bakinsa, har yanzu Abba bai gamsar da ni ba, Mai_Fiyano ma bai gama ba.

Abba_Edita:
Gwaji za a yi. A samu dattijo ɗaya cikin 'yan wasa, a ɗauki waƙa ɗaya iri biyu, ɗaya yana rerawa, ɗaya bakinsa a rufe waƙar tana tafiya a kansa. A nuna wa mutum ashirin da ba 'yan fim ba. Ni zan yi editin kyauta, don in ga fuskar Mai_Fiyano.

Mai_Fiyano:
Na yarda, da sharaɗin a cikin ashirin ɗin goma su haura shekara arba'in. Baba_Makera, akwai inda za a samu injin saƙa irin na da yana aiki, ko na minti biyar ne, in zo da rikoda?

Baba_Makera:
A Kakuri kam da wuya, yawanci an kwance an sayar wa 'yan gwangwan. Akwai wani abokina da ya koma Kano aiki bayan an sallame mu, zan kira shi in ji ko nasu suna juyawa. Amma ka zo da abin toshe kunne.